Yadda Babana Ya Zama Kawuna

Ina 'yar shekara bakwai muka tare a wani gidan haya a Tudun Wada, cikin wani lungu da mota ba ta shiga. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, ɗakuna jere hagu da dama, rijiya ɗaya a tsakiya, masai ɗaya a kusurwa, kowace mace da murhunta a ƙofar ɗakinta. Mu ciki da falo muka samu, da wani ɗan tsukun ɗaki kusa da zaure wanda a da tarkace ake jibgewa a ciki. Shi aka share wa Iya, mahaifiyar babana, ni kuma a bayanta nake kwana.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma iyayena irin mutanen nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Sunana Hadiza, amma ban taɓa jin sunan a bakin Baba ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, don abin da na ji ƙannen Baba suna kiranta ke nan, ba kuma wanda ya gyara min. Tun da aka yaye ni Iya ta ɗauke ni. Ita ke min kitso, ita ke tsaya min in an taɓa ni, ita kaɗai ke kirana Dije da ƙarfi kowa ya ji. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba. Na san Baba na sona, don in ya dawo daga shagonsa na ɗinki da ke unguwar Kongo, sai ya miƙa wa Iya ƙullin alewa ya ce ta ba yara, alhali ni kaɗai ce yarinya a ɗakinta.

Ba da sauƙi aka samu gidan nan ba. Wanda muke ciki a da an sayar da shi, sabon mai shi ya ce rushewa zai yi, ga damina ta kawo kai. Baba ya yi ta yawo unguwa unguwa, duk inda ya je tambayar farko ita ce yara nawa gare shi. Da ya ce huɗu, ga kuma tsohuwa, sai a ce ya yi haƙuri an riga an ba wani. Da ya zo wurin Alhaji Ɗanjuma, mai wannan gidan, ya tarar shi dokarsa a fili take: ba ya ba mai yara fiye da uku, wai su ke cika masai, su ke kankare bango, su ke jefa takalma a rijiya. Baba ya ce uku gare shi.

Ranar da muka kwaso kaya Alhaji na tsaye a zaure yana kallon duk abin da ake shigarwa. Ƙannena suka wuce, Nura da Saude, ga Habu goye a bayan Yaya. Sai ga ni ɗauke da butar Iya. Alhaji ya nuna ni da carbinsa ya ce wannan fa? Da kunnena na ji Baba ya ce, "'Yar ƙanwata ce, Alhaji. Tsohuwa ta rako, bayan damina za ta koma ƙauye."

Da yamma Iya ta kira shi ɗakinta ta tura ƙofa, ba ta ko ce in fita ba. Ta ce ita dai maza uku ta san ta haifa, ba ta san tana da 'ya mace ba sai yau da ɗanta ya haifa mata ita a zaure. Sannan ta faɗi abin da ya fi ci mata rai.

"Ko da za ka yi ƙaryar, ka ce 'yar ƙaninka ce mana. Ɗan ƙani ai Baba zai ce maka, ba abin da zai canja a bakin yarinya. Amma ka tashi ka ce ƙanwa. To ga shi nan, ka zama Kawu."

Baba ya ce bakinsa ne ya suɓuce, kuma na ɗan lokaci ne, kafin ruwa ya ɗauke zai nemi wani wurin. Washegari Yaya ta zaunar da mu ta koya mana yadda za mu yi. Ni Kawu zan riƙa cewa, ƙannena kuma in an tambaye su su ce ni jikar Iya ce daga ƙauye. Da farko na ɗauka a tsakar gida ne kawai, in mun shiga ɗaki zan koma cewa Baba. Ashe ɗakin da ke jikin falonmu na Asabe ne, 'yar'uwar matar Alhaji, kuma bangon da ya raba mu bai kai rufi ba. In ka yi atishawa a wurinmu ka yi hamdala, daga nata ɗakin take amsa maka. Saboda haka Kawun nan ya bi ni har ƙuryar ɗaki.

Iya ba ta iya zaman banza. Ba mu yi sati ba ta kafa murhu a ƙofar ɗakinta ta kama suyar gyaɗa, irin wadda ake soyawa da yashi a kasko, da safe a ƙulla a kai bakin titi. Da an sallame magariba take hura wuta, yaran gidan kaf su zo su kewaye ta. Ba kyauta take ba da tatsuniya ba, sai ka ɓare mata gyaɗa, kuma idonta na kan bakin kowa. In ta ga muƙamuƙin yaro na motsi sai ta tsaya cak ta ce labari ya maƙale, ba zai wuce ba sai ɓarawo ya buɗe hannu. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne, na kura mai kwaɗayi da malalacin miji da ya ɓuya a rumbu. Tana fara su da cewa, "Ga ta nan tafe, mai tsoro ya riƙe zanen uwarsa," mu kuma mu ce ta iso mu gan ta. A waɗannan lokutan nakan manta ni baƙuwa ce.

Amma damina ba ta tsayawa don kowa. Ni a shekarar nan duk hadarin da ya haɗo murna nake yi, don muddin ana ruwa ba wanda zai ce in tafi. Ranar da Iya ta sayo sabuwar gyaɗa, yara suna tsalle, ni kuwa ban yi murna ba, don na san sabuwar gyaɗa ba ta shigowa sai ruwa ya kusa ɗaukewa. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. In aka ce in koma ƙauye, wane ƙauyen, wurin wace uwar? In kuma na kuskure na ce Baba, ni zan ja a watso mana kaya waje. Na san yadda abin yake, don na gani a lungunmu: wata mata zaune a kan gadonta a tsakiyar hanya, tukwanenta kewaye da ita, yaranta na kuka, mutane na raɓawa suna wucewa.

A daren sabuwar gyaɗar nan an ɗauke wuta a shago, Baba ya dawo da wuri. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar falo, ba nisa da murhun Iya, yana sa wa wata riga maɓallai da hasken fitila. Iya ta dube shi sau ɗaya, ta juya gyaɗarta, ta ce yau wata sabuwa za ta yi mana.

Wai wani mutum ne da matarsa da 'ya'yansu, ambaliya ta cinye garinsu, suka shiga daji suna neman inda za su fake. Sun gaji, ruwa na dukansu, sai suka tarar da wani gida an share shi tsaf, randa cike da ruwa, rumbu cike da gero, wuta na ci a murhu, amma babu kowa. Suna sa ƙafa a ciki wata murya ta fito daga cikin bango. A nan Iya ta sauke muryarta ƙasa, ta ja cokalin ƙarfe a gindin kasko a hankali, ta ce:

"Ku nawa ne?"

Mutumin ya duba ya ga tabarmi biyar aka shimfiɗa, su kuwa su shida ne. Sai ya ce su biyar ne. Muryar ta ce su zauna su ci su sha, amma kullum rana ta faɗi za ta ƙirga su.

Suka rasa yadda za su yi, sai suka ɗauko wani ƙaton masaki suka kife babban ɗansu a ciki, don shi ne mai wayo, ba zai yi kuka ba. Da farko da yamma kawai ake kife shi, in an gama ƙirga a buɗe. Daga baya uwar ta ce ai bango na ji da rana ma, gara ya riƙa wuni a ciki, kuma kada wanda ya sake kiran sunansa. Ta ƙarƙashi ake tura masa tuwo. Wata rana ya fito shan iska da tsakar rana, ƙanwarsa ta lura inuwarsa ta yi fari-fari, ba kamar ta kowa ba. Wata rana kuma ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa, sawunsa bai fito ba. Sai ranar da uwar ta manta ba ta tura tuwon ba, ba wanda ya tuna mata, shi kuma bai yi magana ba.

Da ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, suka ɗaure kaya suka kama hanya. Sun yi nisa uwar ta tsaya ta ce ita fa ji take kamar ta bar wani abu. Suka juyo da gudu suka ɗaga masakin, ba kowa, sai rigarsa a ninke da ɗuminta. Amma suna jin numfashinsa a cikin ɗakin. Uban ya faɗi yana roƙon muryar ta ba shi ɗansa. Muryar ta ce, "Ni ban taɓa shi ba, ban ma san da shi ba. Ku kira shi da sunansa ku tafi da abinku." Uban ya buɗe baki, sunan bai zo ba. Uwar ta buɗe baki, ita ma bai zo ba.

Iya ta shiga kwashe gyaɗa. Ɗan Asabe ya gaji da jira ya tambaya sai me ya faru. Ta ce, "Suna can suna tunawa. Labari ya ƙare, gyaɗa ta soyu, kowa ya nufi ɗakin uwarsa." Na waiwaya na ga allurar Baba ta tsaya a cikin maɓalli. Ya ajiye rigar ya sa takalmi ya tafi masallaci, ko kiran isha ba a yi ba.

Tun daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Da hantsi sai in tsaya tsakar gida in gwada inuwata da ta Saude in ga ko tawa ta fi haske. In an zubar da ruwa a bakin rijiya sai in je in taka in tabbatar sawuna ya fito. Da asuba kafin Iya ta tashi nakan rufe kai da zane in yi ta maimaita sunana, Hadiza, Hadiza 'yar Isa, a hankali yadda bango ba zai ji ba. Na roƙi Iya ta canja ƙarshen labarin, ko da ƙanwar yaron ce ta tuna sunan. Ta ce ba a hannunta yake ba, wanda ya kife masaki shi ke buɗewa. Yaya ma ta je ta durƙusa ta roƙe ta ta bar wannan tatsuniyar, kada yaran Asabe su kai ta inda za a gane. Iya ta ce to. Amma duk ranar da Baba ya dawo da wuri, ita take yi.

Ranar da nake tsoro ta zo wata Juma'a. Masai ya cika, wari ya hana kowa sakat, aka aika wa Alhaji. Yana saukowa daga masallaci ya zo a Vesparsa, ransa a ɓace, ya ce a fito masa da duk yaran gidan. Aka jera mu a bakin rijiya yana bi yana nuna kowa da carbi. Da ya iso kaina ya tsaya.

Ya ce wannan baƙuwar har yanzu tana nan, ga shi ruwa ya ɗauke? Ya dubi fuskata, ya dubi ta Baba. Goshinmu ɗaya da Baba, har wushiryar nan tasa na ɗauko. Ya ce, "Malam Isa, kamar nan ta yi yawa." Sai ya sunkuyo daidai tsawona, ina jin ƙamshin turarensa, ya yi magana a tausashe, wanda ya fi tsawa ban tsoro.

"Yarinya, ki ji tsoron Allah ki faɗa min gaskiya. Wane ne wannan?"

Asabe ta fito ta jingina da ƙofarta. Yaya na bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta. Iya na tsaye a ƙofar ɗakinta, amma ba ni take kallo ba, ɗanta take kallo. Ni ma shi na kalla. Na ɗan jira ko zai yi magana, wallahi na jira. Kansa na ƙasa.

Na ce, "Kawuna ne."

"Babanki fa?"

"Yana ƙauye."

Muryata ko rawa ba ta yi ba, abin da har yau yake ba ni mamaki. Alhaji ya miƙe ya ce yaro ba ya ƙarya, kuma dama ɗan mace kan ɗauko kamar kawunsa. Ya ce tunda tsohuwa na bukatar mai yi mata aike, a bar ni in zauna, ya yafe. Baba ya yi ta godiya, ya raka shi har bakin lungu. Yaya ta ja ni ɗaki ta rungume ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Mun tsira da gida.

A yammacin nan Iya ba ta hura wuta ba, ta kori yaran ta ce kanta ke ciwo. Bayan magariba Baba ya zo ƙofar ɗakin da ƙullin alewa kamar yadda ya saba, ya miƙa mata. Ba ta karɓa ba.

"Kawu ai ba ya kunyar 'yar ƙanwarsa," in ji ta. "Ga ta nan. Kira sunanta ka ba ta."

Ya daɗe a tsaye. Daga ƙarshe ya ajiye ƙullin a gefen tabarma ya juya. Iya ba ta sake yin tatsuniyar masaki ba daga ranar.

Ɗan lokacin nan da Baba ya faɗa sai da ya kai shekara tara. Bai sake neman wani gidan haya ba, ya ce ya gama amsa tambayar yara nawa. Wani ɗan fili ya samu a Dutsen Abba, yana ɗora bulo a hankali, bana a yi ginin, baɗi a yi rufin. Iya ba ta ga tarewar ba, a ɗan tsukun ɗakin nan ta rasu. Ina gab da gama sakandare muka koma, ɗaki biyu ba shafe, ba silin, tagogi an toshe da buhu. Amma ranar na ga Yaya tana daka tana waƙa, na ga Habu ya ɗauki gawayi ya zana mota a bango ba wanda ya tsawata masa. Baba na zagaya tsakar gidan yana taɓa bango. Da ya zo kusa da ni, bai dube ni ba, ya ce, "Ke, nan ba mai ƙirga mu. Ki bar ce min Kawun nan."

Na ce, "To, Kawu."

Kowa ya fashe da dariya, har ni. Shi kaɗai ne bai yi ba. Na yi ta ƙoƙari bayan nan, amma in na ce Baba sai in ji kamar uban wani nake kira, in kuma waiwaya in ga ko an ji. A hankali na koma ba na kiransa da komai, sai dai in gaishe shi in faɗi abin da ya kawo ni. Yana nan da ransa, ya tsufa, kuma haka muke har yau. Ƙannena da suka ƙarasa girma a gidan Dutsen Abba bakinsu a buɗe yake, suna musu da shi suna tsokanarsa. Ni ko a gidan mijina, in na ji an buga ƙofa da ƙarfi sai na fara duba inda yarana suke.

Na daɗe ina ganin Iya ta zalunce ni da tatsuniyar nan, don yarinya 'yar shekara bakwai ba ta cancanci irin wannan tsoron ba. Sai da na girma na gane ba ni take wa ba, ɗanta take wa, a gaban mutane, ta hanyar da ba wanda zai kama ta. Na kuma daɗe ina jin haushin Baba. A raina nakan ce ni da ni ce, da na gwammace mu kwana a titi. Muryar bango kuwa ban taɓa iya jin haushinta ba, don ba ta daki kowa ba, ba ta ci kowa ba. Tambaya kawai ta yi, mutanen da ba su da wurin kwana suka yi sauran da hannunsu.

Yanzu haya muke yi a Kwangila, ni da maigidana da yara huɗu. Kwanan baya mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, mu nemi wuri kafin ƙarshen damina. Muka bi wani dillali ya nuna mana wani gida mai kyau, kusa da makarantar yara, ga famfo, ga mitar wuta mai kati a ƙofa. Muna cikin dubawa ya juyo ya ce af, yara nawa ne, don mai gidan ba ya son fiye da uku. Maigidana ya juyo ya kalle ni. Na ce huɗu ne. Dillalin ya ce zai kira mu, kuma har yau bai kira ba, muna nan muna nema.

Mutane na yaba min in na ba da labarin, wai na yi gaskiya. Ni kuwa ba abin yabo nake gani ba. Tsakanin tambayar dillalin da amsata akwai ɗan shiru, bai fi na haɗiyar yawu ba, kuma a cikin shirun nan zuciyata ta riga ta gama lissafi, ta zaɓi wadda za a ce ba tamu ba ce. Ba ta ko yi wahalar zaɓa ba. Babbar ta ɗauka, 'yar farina, don ita ce mai wayo, ba za ta yi kuka ba.